Kariyar Inna Kaltume Ta Kwanta Dama

Da zuciya mai cike da baƙin cikin da har yau bai sami hanyar fita ba, Inna Kaltume ta Rimawa tana sanar da dangi da maƙwabta rasuwar kariyarta, itaciyar nan mai kumburarren gindi da jan fure da ke tsaye bayan rumbu. Ta cika ranar Talata da hantsi, tana da shekara ashirin da shida a gidan.

Reshe ne guda Inna ta yanko daga gidan mahaifiyarta a Kwargaba, ta soka cikin tsakuwa inda ko ciyawa ba ta fitowa, ya kama. Tun daga ranar marigayiya ba ta ɗora wa kowa nauyi ba. Ruwan damina ya ishe ta shekara. Cikin bazara, sa'ad da kowane ganye ya ƙone, ita lokacin take fidda fure ba ko ganye a jikinta. Awakin unguwa, da ba su bar zogalen kowa ba, sun san ɗacin ruwanta, daga nesa suke gaishe ta. Ba ta da surutu. In an ƙwanƙwasa gindinta da yatsa ta ce ƙwam-ƙwam, iyakar maganarta ke nan.

Ciwon ajali ya same ta cikin sanyi, sa'ad da Inna ta tafi Wurno zaman jegon 'yarta Mahbuba, kwana arba'in. Maigida Malam Maccido manomin albasa ne, shekara talatin yana ban ruwa a fadama, kuma a saninsa duk abin da aka shuka ruwa yake so. Ya dubi itaciyar matarsa ba ganye, tausayi ya kama shi. Ya ja mata fangali irin na albasa, ya zuba takin awaki, ya riƙa kwara mata bokiti biyu safe da maraice. Mutumin da ko randar gidan bai taɓa cikawa ba, ga ciwon baya, bai tsallake rana guda ba.

Da Inna ta dawo ta dafa gindin, yatsanta ya nutse kamar cikin ruɓaɓɓiyar kabewa. Ba ta yi kuka ba. Ta wanke hannu ta ɗora tukunya. Malam yana tsaye da bokiti ya ce, "Mi nir rage mata, Kaltume? Ko ruwan ne bai ishe ta ba?" Inna ta ce kwana ne ya ƙare. Har yanzu ba ta jin komi, sai dai ta kan tsinci kanta tana share wurin sau biyu.

Marigayiya ta bar Inna Kaltume, da rassa biyu da suka kama, ɗaya a Wurno wajen Mahbuba, ɗaya a Maikujera wajen Tani ƙanwar Inna, da wani tsohon ƙadangare da bai san inda zai koma ba. Ta kuma bar Malam Maccido, wanda tun ranar abinci ba ya shiga masa.

Za a tone ta ranar Alhamis bayan la'asar, a ɗauke ta a baro zuwa bakin gona a binne da zurfi. Kada kowa ya tsinci itacenta don girki, tana da dafi. Inna za ta karɓi gaisuwa a tsakar gida. Tana roƙon masu zuwa, musamman waɗanda suka san halin kariya, in Malam ya tambaye su, su ce ya yi iyakar ƙoƙarinsa, su yi shiru daga nan.