A Turo Mana Mawaƙi Kafin Ƙanƙara Ta Sauko

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ofishin Farfaɗo da Birni, uban mawaƙa, gatan kangaye.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan ofis na da ɗumi, ni ne Ozell Pettway, wanda ya shekara talatin yana ɗaura ƙofar mota kafin a rufe masana'antar. Ni da matata Verlene muka rage a layinmu, nan gabashin Detroit. Ga 'yan koke-kokena, in ranka ya daɗe zai daure.

Na ɗaya. Kangon da ke manne da gidana ya shekara tara a jerin waɗanda za a rushe. Bara muka ga motarku, har Verlene ta ɗora shayi. Ashe ba katafila kuka kawo ba, fenti ne. Aka rubuta waƙa a katakon da ya toshe tagogin, wai fure zai tsiro daga toka. Daga nan kuka cire shi daga jerin, tunda ya zama abin alfahari. Ranka ya daɗe, gini yana jin waƙa ne ya fasa faɗuwa?

Na biyu. Duk Asabar baƙi ke zuwa ɗaukar hoto. Wani ya roƙi Verlene ta kwashe shanyarta, wai tana ɓata masa kaɗaicin wurin. Ta ce masa, "Ɗana, ka ɗan jira mu mutu mana, sai ka ɗauka a tsanake."

Na uku. Mawaƙinku ya ce kangon ya sunkuya kamar tsoho mai addu'a. Gaskiya ya faɗa, sai dai bai duba inda tsohon ya sunkuyo ba. Ranar Talata da hantsi bututun hayaƙinsa ya rufto ta rufin kicin ɗinmu. Verlene ta ɗora tukunyar ganye kenan ta fita ɗauko wasiƙa. Bulo ya cika daidai inda take tsayawa. Na tsorata, ranka ya daɗe, har yau ban dawo daidai ba. Na kira ofishinku sau huɗu, aka tambaye ni ko baitocin sun taɓu. Ina mai farin cikin sanar da kai lafiyarsu ƙalau.

Ba gyara nake roƙo ba, na san matsayina. Amma tunda yanzu gidana ma ya fara zama kango, ashe bai cancanci waƙa ba? A turo mawaƙi kafin ƙanƙara ta sauko. Ya faɗi abin da ya ga dama, ba za mu karanta ba. A dai rubuta a katako mai kauri, ƙafa takwas da ƙafa shida, a haɗo da ƙusa. Ta ramin rufin nan sanyi ke shigowa, Verlene kuwa ta fara tari.

Allah ya ƙara wa ofishinka basira da fenti.

Naka mai biyayya har rufi ya ƙarasa,
Ozell Pettway