Gyaɗar Tsaro

A Dajin Baƙin Ruwa kowa ya san matsayinsa. Zaki na mulki, Gafiya Ma'aji na riƙe da rumbun fada, gauraki kuma na goya ƙananan dabbobi daga gindin kuka su tsallakar da su kogi. Tun shekarar da kububuwa ta ɓuya cikin ƙunshin wani matafiyi, ta sari gauraka a sararin sama, ruwa ya cinye su duka, aka kafa doka. Ba kayan da zai hau sai tunku ya shinshina shi ya ɗaura masa ƙullin ciyawa, gauraka kuma ba ta tashi sai ta ga ƙulli. Kowane matafiyi zai zuba tafin gyaɗa don ciyar da masu binciken. Sunanta ma gyaɗar tsaro.

To, suna dai suna ne. Kwandon da ake zuba ta yana hannun barorin Gafiya, daga nan sai rumbun fada, rumbun kuwa sawun shiga kawai ake gani a ƙofarsa.

Barmo, shugaban dangin tunku, ya rame har haƙarƙarinsa ya fito. 'Yan'uwansa suka riƙa sulalewa ɗaya bayan ɗaya zuwa farautar gyare, don yunwa ba ƙanwar uwar kowa ba ce. Layi ya miƙe, matafiya suna ta zagin tunku, su da ba su ga ko ɓawo ba. Sai Gafiya ya aiko da magani: a daina ɓata lokaci wajen shinshina, a ɗaura ƙulli kawai. Wannan saƙo ya ƙona ran Barmo fiye da yunwar, don ya san a kan ƙullinsa gauraka ke ɗora ranta. Ya nemi a zauna majalisa.

Aka zauna. Gafiya ya miƙe, tumbi na gaba yana biye, ya yi jawabi mai daɗin ji. Ya ce rumbu ɗaya ne, daji ɗaya ne, ƙwayar gyaɗa kuma ba ta ɗauke da sunan kowa. Ya ce da ita aka yaɓe katangar fada, aka yi wa baƙi liyafa, ai kwarjinin Sarki shi ne babban tsaro. Fadawa suka ce gaskiya ne, har da waɗanda gyangyaɗi ya hana su ji.

Barmo bai iya zaƙin baki ba. Ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, ba sadaka muka zo roƙo ba. Bushiya ta zuba gyaɗarta don kada maciji ya hau tare da ita, ba don a yaɓe katanga ba. In an ce ta tsaro ce, a kai ta tsaro. In ta liyafa ce, a faɗa wa matafiya haka, a gani ko za su zuba. Ni dai ba zan ɗaura ƙulli a kan abin da hancina bai taɓa ba."

Zaki ya yi hamma, ya yanke hukunci irin na manya: a ƙara gyaɗar zuwa tafi biyu, a kuma naɗa kwamitin da zai binciko inda take zuwa, Gafiya ne shugaba. Barmo ya ajiye damin ciyawarsa a gaban Sarki, ya yi gaisuwa, ya fita.

Washegari ya je gindin kuka ya zauna, ya naɗe hannu. Gauraki suka ƙi tashi. Can sai tsohuwa Bushiya ta wuce kwandon fada kamar ba ta gan shi ba, ta zube gyaɗarta a gaban Barmo, ta ce ya ci ya duba mata kaya. Kurege ya bi sahu, sauran ma haka. Barorin Gafiya suka tsaya da kwando wayam.

Da hantsi sai ga Gafiya da kansa, da ƙaton ƙunshi daga rumbu, zai kai wa surukansa a ƙetare. Ya umarci Barmo ya ɗaura ƙulli, Barmo bai ko ɗago ba. Gafiya ya ce ƙulli dai ai ciyawa ce, ya fizgi tasa ya ɗaura, ya dubi babbar gauraka ya ce su tafi.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, tunda ƙullinka ne, zauna a kai tukuna mu gani."

Ya ɗaga ƙafa ke nan, ƙunshin ya motsa. Rumbun da ya daɗe ba a buɗe shi don kowa ba, ai ba gyaɗa kaɗai ke kwana ciki ba. Gafiya ya ƙame da ƙafa ɗaya a sama, ya kira Barmo da ƙaramar murya, har da cewa ɗan'uwa.

Barmo ya fasa wata gyaɗar, ya hure ɓawon, ya ce, "Bi layi, Ma'aji. Abinci nake ci."