Ango da Tocila a Aljihu

Duk kasuwar kayan lantarki ta Shenzhen, babu wanda rana ke jin nauyinsa kamar Kuang Deming. Mu 'yan layinsa Rana Ta Biyu muke ce masa, shi kuwa yana amsawa tsakaninsa da Allah. Zai sayi tocila sabuwa fil, ya farke cikinta, ya watsar da abin da kamfani ya sa, ya liƙa nasa ƙwan da nasa batirin, har sai ta iya babbaka takarda. Sannan ya hura hanci.

"'Yan kamfani matsorata ne," in ji shi. "Tocilar da ba ta gasa tafin hannu ai kyandir ce."

Duk ɗan wannan harka, kafin ya jefa tocila a aljihu, sai ya sassauta murfin gindinta don kada ta kunna kanta. Kuang ya ce wannan aikin 'yan koyo ne.

Mutum ɗaya ne hasken bai burge ba, Tsoho Pan, mahaifin budurwarsa Ruolan. Da ƙyar da jiɓin goshi ya yarda a zo miƙa shayin neman aure, kamar yadda al'adar garin take. Kowa ya sani, in tsohon ya sha, Kuang ya zama ɗa. In bai sha ba, a kwashe kujeru.

Ranar muna gidan tsohon, gwanin namu ya iso cikin wando matsattse, sabuwar tocilarsa a aljihu, don a cewarsa mutum ba ya barin darajarsa a gida. Ya durƙusa kusa da Ruolan, ya ɗaga kofi da hannu biyu.

"Baba, ga shayi. Daga yau duhu ya yi ƙaura daga gidan nan."

Durƙuson ne ya danne makunnin. Cinyar ango ta haska falon da rana tsaka. Tsoho Pan bai karɓi kofin ba, ya gyara zama ya shiga nasiha a kan haƙuri, a tsanake. Kuang ba halin ya sauke hannu, ba halin ya tashi. Gumi ya wanke shi. Wallahi har ni na tausaya masa.

Uwar Ruolan ta shaƙi iska. "Wa ya bar tukunya a wuta?"

Hayaƙi ne ke tashi daga wandon. Sai a lokacin tsohon ya karɓi kofin, ya dube shi, ya juye shi kaf a aljihun Kuang. Aljihun ya yi cuu.

Kuang ya zaro tocilar yana juya ta a hannu don zafi, ya duba ta gaba da baya, ya sauke ajiyar zuciya.

"Kada ka damu, Baba. Ruwa ba ya shigarta, ni na liƙe ta da hannuna."

Tsoho Pan ya kife kofin a kan tebur.

"Ashe ka riga ka samu matar da ta dace da kai. Ruolan, tashi mu shiga ciki."