Akwatin Gem Ɗin da Lulluɓi Ya Kashe a Naivasha

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika rabinta, haushi ya ƙarasa sauran, Waithira matar Gichuki, ta layin bayan gonar furanni a Naivasha, tana sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar akwatin gem na gidanta, wato na'urar wasan yara da ake haɗawa da talabijin. Ya ja numfashinsa na ƙarshe ranar Asabar da misalin ƙarfe huɗu na yamma, yana da shekara ɗaya da wata biyar a gidan. An jinkirta sanarwar ne saboda Waithira na neman amsar tambayar da 'yarta Wangechi ta yi mata a gaban kowa, ana tsakiyar cin tuwon masara: "Mama, tunda Kaka ce ta shaƙe shi, 'yan sanda ne za su zo su tafi da ita, ko mu za mu kai ta?" Har yau ba a samu amsar ba. Kakar dai tana nan lafiya ƙalau, tana saƙa.

Marigayin bai shigo gidan nan don ado ba. Duk wanda ya san layin ya san shagon gem ɗin da ke tsallaken babban titi, inda manyan motocin furanni ke wucewa kamar an biyo su. Bara waccan, Wangechi tana da shekara bakwai, ta tsallaka don ta yi tseren mota, ɗan acaɓa ya kwashe ta. Ɗinki bakwai a ƙwauri. A kan bencin asibiti Waithira ta rantse cewa tunda ba za a raba yarinyar da tseren mota ba, to tseren ne zai dawo cikin falo.

Wata uku ta yi tana zaɓe. Wani mai shago ya miƙo mata wani ɗan fari mai sheƙi, ya ce, "Mama, ɗauki wannan, wasa dubu tara ne a ciki." Ta ce, "Yarinya ɗaya gare ni, ba makaranta ba." Wanda ba ya motsi sai da intanet ta bar musu abinsu, don a layinsu sai an hau bayan tanki ake samun sabis. Wanda ba shi da bakin faifai ma ta ture, domin faifan aurenta da na mawaƙan cocinsu ba za su kalli kansu ba. Daga ƙarshe ta ɗauko marigayi: na hannu ne, baƙi, da tabon ƙarce a gefe. Yana cin faifai, yana karɓar filashi, ana kulle shi da lamba huɗu don kada yarinya ta faɗa wasan harbe-harbe. Hannayen wasa biyu ya zo da su.

A iya zamansa ba a taɓa jin kansa da kowa ba. In an tashe shi ya ce "tirit," sau ɗaya, sannan fankarsa ta kama "huuu" a hankali, shi ke nan maganarsa. Ya nuna faifan aure ya fi sau arba'in bai taɓa cewa rigar amarya ta yi mata yawa ba, abin da dangin miji suka kasa. Ya nuna katun. Ya yi waƙoƙin coci ranar Lahadi. Abin da ya fi duka, wata goma sha bakwai Waithira na dawowa daga aiki tana tarar da 'yarta zaune a kan tabarma, harshe waje, tana shan kwana. Ƙafarta ba ta sake taka kwaltar nan ba.

Ciwon ajalinsa ya zo ne daga garin Othaya, a motar safe, tare da buhun dankali. Mahaifiyar Gichuki, wadda Wangechi ta ci sunanta, ta zo hutun mako biyu cikin sanyin Yuli, da kwarashi da ulu jaka guda. Kwana huɗu ta lulluɓe kujeru, da talabijin, da rediyo, da filas ɗin shayi. Ranar Alhamis ta kasa kunne ta ji fankar marigayi.

"Takwara, abin nan naku sanyi yake ji," in ji ta. "Ji yadda yake kaɗuwa. Babu mai tausayi a gidan nan?"

Washegari da yamma ta gama masa riga. Ulu ninki biyu, ja da rawaya, da tuntaye a gefe, ta rufe shi ruf ta ko'ina, sai 'yar kafa ta waya.

A nan dole a faɗi gaskiya, ko da a kan mai sanarwar ce. Waithira ta ga rigar ranar Asabar da safe. A ɗakin sanyin furanni take aiki, ta san abin da ke faruwa da inji in aka toshe masa hanci. Har ta miƙa hannu. Amma ƙyallen da uwar miji ta shimfiɗa, matar ɗa ba ta ɗaga shi muddin tsohuwa na gidan. Ɗagawar daidai take da ce mata ta tattara kayanta. Gichuki kuma yana hanya da motar furanni. Sai ta janye hannun, ta ce, "Mama, ya yi kyau ƙwarai." Wannan maganar ce ba ta yafe wa kanta ba har yau.

Abin da ta iya shi ne ta ja ƙanin mijinta Ndegwa gefe. Ndegwa, ga wanda bai san shi ba, shekararsa ashirin da shida, yana da takardar shaidar aikin lantarki a rataye a bango, kuma wata na shida ke nan yana kwana a kujerar falo da sunan zuwan mako ɗaya. Shi ɗa ne, shi kaɗai a gidan zai ɗaga ƙyallen uwarsa a yi dariya a wuce.

"Ndegwa, ko ka cire rigar nan, ko kada a kunna shi yau."

"Matar yaya, je ki yanki furanninki. Injiniya kike koya wa wuta?"

Ƙarfe tara ya kunna shi, da abokansa biyu, rigar na nan. Ƙwallo suka buga har la'asar. Wangechi, wadda dominta aka kawo marigayi, ba ta taɓa hannun wasa ba ranar. Da rana ta ce, "Baffa, yana wari." Ya ce, "Waken kakarki ne ke ƙonewa, matsa ki ba ni wuri." Fanka ta tashi daga "huuu" ta koma kuka kamar injin niƙa. Kaka ta leƙo daga kicin ta ce, "Allah sarki, sanyin ya shige shi," ta cire mayafin kafaɗarta ta ƙara masa. Ndegwa na kallo. Ya ce bugun fanareti ake yi.

Kalmomin marigayi na ƙarshe, a shaidar Wangechi, su ne: "tit, tit, tit." Sai talabijin ya yi baƙi.

Owiti mai gyara ya buɗe cikinsa ranar Lahadi, ya shinshina, ya ɗago. "Madam, na ga wanda wuta ta kashe, na ga na shayi, na ga na kyankyaso. Wannan turara shi aka yi. Wa ya dafa shi?" Ndegwa ya ce ai dama tsoho ne.

Masu shigowa suna cewa "ai na'ura ce, ba rai ba" su saurara. Ranar Litinin Waithira ta dawo ƙarfe biyar ta tarar da tabarma babu kowa. Ba ta tuna inda ta yar da jakarta ba. A kan farin layin tsakiyar titi ta hango Wangechi, ta ci rabi, mota ta gabanta, mota ta bayanta, ta ƙame da ƙafar nan mai tabo. Ba ta dake ta ba. Ta riƙe ta ne har yarinyar ta ce, "Mama, kina karya ni." A lokacin Baffanta na kwance a kujera yana latsa waya.

Marigayin ya bar hannayen wasa biyu, ɗaya maɓallinsa ya lotsa saboda babban yatsan wani da aka sani. Ya bar waya uku, da faifan aure wanda ya maƙale a cikinsa sai da Owiti ya yi masa tiyata. Ya bar kofin tseren mota da Wangechi ta kai matakin ƙarshe, ya tafi da shi. Ya bar marainiya ɗaya.

Game da likkafani, an daidaita. Waithira ta durƙusa gaban surukarta ta ce, "Mama, tunda shi kika saƙa wa rigar, bai kamata wani ya gada ba. A naɗe shi da ita."

Tsohuwa ta share ido. "Kin yi tunani, 'yata. Na gaba sai in yi masa mai kauri."

Waithira ta tuna farin layin titi. "Mama, na gaba ba za a rufe shi ba. Ko ke, ko ni, ko fasto."

Ndegwa ya ajiye waya. Kaka ta dubi takwararta, ta dubi ƙwaurin, sannan ta ce:

"To ulun fa? Na riga na warware."

"Wangechi ba ta da rigar sanyi," in ji Waithira.

An gama saƙa hannun rigar ɗaya jiya. Ja da rawaya.

Za a fitar da gawa ranar Asabar ƙarfe goma na safe, daga falo zuwa shagon Owiti, inda za a raba sassanta ga mabuƙata. Ndegwa ne zai ɗauke ta, a ka, a ƙafa, cikin rigarta da tuntayenta, ta tsakiyar kasuwa. Ba a yarda da babur ba. Daga ranar har a samu magaji, shi zai ɗauko Wangechi daga makaranta ya zauna ya buga ludo da ita har ƙarfe biyar, kuma ba za a ba shi lamba huɗun magajin ba ko ya yi kuka. Za a ba da shayi. Abokansa biyu kada su wahalar da kansu, an san fuskokinsu. Masu shawarar wanda za a saya su riƙe abarsu, Waithira ta san hanyar shago.

Kai kuma mai karanta wannan takarda a jikin ƙofa: in za ka sayi irin marigayi, kafin ka tambayi wasa nawa ne a ciki, duba ta ina yake numfashi, sannan ka duba wa ke saƙa a gidanku. In kuma ka ga yarinya mai tabo a ƙwauri, da rigar sanyi ja da rawaya, tana leƙen titi, ka riƙe hannunta ka kawo ta gida. In ka wuce ta, kada ka zo gaisuwa. Waithira ta ɗaga ƙyallen surukarta, kai ba za ka yi mata nauyi ba.