Mai Girma a Sama, Ƙwan Goggo a Rami

Kai mai karatu, kada ka ce ba ka gani ba. Ranar da aka buɗe filin jirgi na biyu kana wurin, har da tafi, alhali ka san in ka hau rufin ɗakinka kana hango hasumiyar filin jirgin garin maƙwabta. Ka kau da kai, ka ce ba ruwanka. To, jiya ruwan ya biyo ta kaina, haɗe da ƙwai.

Goggona mai sayar da ƙwai ce ta ce in raka ta kasuwar garin maƙwabtan nan in riƙe mata kiret a cinya, wai karatuna bai fi ƙarfin dako ba. Muna cikin bas, direba na zaɓen ramin da ya fi mutunci, sai jiniya. Ayarin Mai Girma Mai Almakashi ne, gwanin yanka ƙyallen buɗe ayyuka. Direbanmu ya kauce, muka zurma gefen titi, jarin Goggo ya dawo jikin rigata.

Na leƙa in ga fuskar da zan yi wa Allah ya isa. Ba kowa a motocin sai direbobi.

"Ina mai su?" na tambaya.

Kwandasta ya nuna sama. "Ga shi can, ɗan boko. Gaba ake turo su, su tarbe shi."

Ashe haka tsarin yake: shi ya hau jirgi, motoci su sha ramuka a madadinsa. Maƙwabcina da ke shara a filin ya rantse matuƙin ko tayoyi ba ya naɗewa, ruwan sha ma tun a ƙasa ake rabawa, don kafin a buɗe gora an sauka. Madalla da wannan hikima! An ce jiki magayi, to jikin da bai taɓa faɗawa rami ba, me zai gaya wa mai shi?

Goggo ta dubi rigata, ta tuntsire da dariya. "Ɗan nan, ko kaza ba ta kwanta kan ƙwai haka ba." Sai ta sassauta murya. "In damina ta same mu a haka, na bar sana'ar nan." Sana'ar kuwa ita ke riƙe da jikokinta a makaranta.

Ranar Alhamis za a zauna a zauren gari kan gyaran hanyar, kuma an kawo shawarar a ɗage shi, a fara faɗaɗa ɗakin hutun manyan baƙi na filin jirgi, don jira na wahalar da Mai Girma. Gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, kana ta shafa naka ba ruwa. Kada ka aiko da gaisuwa, kada ka tsaya daga gida kana Allah ya kyauta. Ka zo da ƙafarka, ka zauna a sahun gaba, in an ce akwai mai magana, ka miƙe ka ce hanya muke so.