Ranar Da Na Guje Wa Ango

Ba zan taɓa mantawa da ɗaurin auren Hadiza ba, kuma ko na so in manta, surukaina na unguwar Ɗan Iya ba za su bari ba.

Ni tela ne a unguwar Wunti, amma a lokacin bakina ya fi kekena aiki. Akwai wani shirin wasanni da ake yi a rediyo da yamma, ana buɗe layi masu sauraro su kira. Kusan kullum sai na kira, har mai gabatarwa ya haddace muryata. Dambe ne fagena (ban taɓa naɗe hannu ba a rayuwata, ko a makaranta ni ne mai riƙe wa masu faɗa takalma).

A shekarar, maganar Sale Na-Zungur ce a bakin kowa. Ɗan dambe ne da ya kwantar da maza da yawa, amma duk sanda aka haɗa shi da wani wai shi Dogo Mai Ƙaho, sai uzuri ya ɓullo. Yau kafaɗa ta goce, gobe an yi rasuwa a ƙauye. Jama'a suka fara gunaguni, ni kuwa na kira rediyo na zazzage abin da ke cikina. Na ce Sale zaɓen abokin karawa yake yi kamar mai sayen tumatir, sai ya latsa ya ji laushi. Na ce tsoro ne zalla. Da na ji mai gabatarwa ya fashe da dariya sai kaina ya kumbura, na ƙara da cewa in ya ji haushi ya zo Wunti ya tambayi shagon tela mai koren ƙyaure.

Ba a daɗe ba na dawo daga kasuwa, maƙwabcina Iliya mai guga ya tare ni. "Wani ƙato ya zo nemanka, wuya kamar na bijimi. Ya ce a ce maka Sale ne, zai dawo."

Washegari na shafe ƙyauren da shuɗin fenti. Na daina azahar a masallacin layinmu. Na roƙi Iliya in mutumin ya dawo ya ce na tafi Jos sayen zare. Da ya sake dawowa aka ce zazzaɓi ya kwantar da ni. Daga baya har rasuwa na ƙirƙiro a ƙauye (mu da kakanmu ma a cikin gari aka yanke masa cibi). Wata rana da idona na hango shi yana saukowa daga keke da wani ƙunshi a hammata. Na tabbata igiyar naɗe hannu ce a ciki. Na rarrafa ƙarƙashin teburin yanka, na lulluɓa da ƙyallaye, ina jin sa a bakin ƙofa yana ɓare gyaɗa suna hira da Iliya har ƙafata ta sage.

Matata Maryam ban faɗa mata komai ba. Ina zan fara? Ita ma hankalinta na kan bikin Hadiza, 'yar baffanta, da za ta auri wani mahauci Salisu wanda ban taɓa gani ba.

Ranar ɗaurin aure, bayan an sauko daga Juma'a, na ci ado da sabuwar babbar riga ɗinkin hannuna, na zauna sahun gaba kusa da Baffa a ƙofar gida. Aka shafa fatiha, jama'a suka miƙe ana gaisawa. Ina ɗaga kai sai ga Sale cikin fararen kaya, wasu ƙarti na biye da shi, ya nufo ni kai tsaye. Ya kira sunana, ya ɗaga hannu.

Ban tsaya tunani ba, ƙafafuna ne suka yanke hukunci. Na tsallake tabarmar dattawa na zuba da gudu. Hannun rigata ya maƙale a madubin wani babur, babur ɗin ya faɗa kan na kusa da shi, shi ma ya tura na gaba, haka suka yi ta kwanciya har ƙarshen layi. Ni kuwa rigar ta juya ni, na faɗa zaune daɓas cikin kwatar da ruwan wanke-wanken biki ke bi. Ina kallo hulata ta wuce ni tare da ɓawon albasa. Mata suka leƙo ta kan katanga. Maroƙi ma sai da ya katse kirarinsa.

Sale ne ya ciro ni, da hannun hagu, kamar mai ɗaukar ɗan akuya.

"Yaya, lafiya kuwa? Ni ne fa Salisu da ake kira Sale, angon Hadiza. Anti Maryam ce ta ce in kawo maka ɗinkin kayan aure. Na yi ta sintiri, kullum sai a ce ba ka da lafiya ko an yi maka rasuwa. Ya ƙarin haƙuri?"

Baffa ya tambaya wa ya rasu ba a sanar da shi ba. Ina ƙoƙarin haɗa wata ƙaryar, sai ga Iliya (wa ma ya gayyace shi?) ya kutso ya warware wa jama'a komai, tun daga rediyo har fenti, har teburin yanka bai bari ba. Dattawa na rufe baki da hannun riga. Sai a lokacin na lura da rigar ango: ɗinkin telan da ke kallon shagona ne, wanda muka shekara ba ma ga maciji.

Sale ya yi dariya har da hawaye. Ya ce ya ji farkon shirin ranar, amma bai san ni ne ba, don a rediyo muryata ta fi jikina girma. Ya ce kafaɗar da gaske ta goce, shi ya sa ma ya ciro ni da hagu. Sannan ya sassauta murya, amma duk da haka na kusa suna ji.

"Gaskiya ina tsoron Dogo, Yaya. Duk wanda ya ce ba ya tsoronsa bai taɓa tsayawa gabansa ba. Amma dai ni in zan gudu ina duba hanya."

A ɗakin Baffa na sauya kaya, aka ara mini jallabiyar da ta tsaya mini a gwiwa. Maryam ta shigo da niyyar yi mini faɗa, tana ganina ta zauna a ƙasa tana dariya, ɗankwalinta har ya zame.

Bayan kafaɗar ta warke Sale ya kara da Dogo. Ya sha kaye, amma ya tashi da ƙafarsa, jama'a na tafa masa, kuma wandonsa a bushe. Ni kuwa har yau in na je Ɗan Iya, da na karyo kwana sai in ji wani ya ce a gyara babura, ga Yaya nan. Ban daina kiran rediyo ba, sai dai yanzu kafin in kira ɗan dambe matsoraci, sai na fara tambayar Maryam ko akwai sauran 'yan mata a danginsu.