Zakaran Jar Ƙasa na Lewisham

Na manta abubuwa da yawa a Landan, har da wasu haƙorana, amma ba zan taɓa mantawa da wasan tanis guda ɗaya da na buga a rayuwata ba.

Zamanin kuɗin fetur ne. Ina tuƙa wani Alhaji ɗan kwangila, ina kuma neman auren wata nas mai suna Hajara. Yayanta, Likita Sani, shi ne waliyyinta a nan, kuma bai ga abin aure a jikin direban da ya tsaya a aji uku ba.

Wata Lahadi na je gaishe shi a unguwar Lewisham, na tarar ya sayo talabijin mai kala, suna kallon gasar tanis ta birnin Faris, wadda ake yi a kan jar ƙasa. Zakaran bara ne ke karawa da wani siririn saurayi da ba wanda ya san sunansa. Na dubi ƙasar, na ce, "Zakaran nan faɗuwa zai yi. Filin ya sha ruwa, ƙwallo ba za ta yi gudu ba, shi kuwa ƙarfi kawai ya iya."

Aka yi mini dariya. Zakara ya faɗi.

Likita ya juyo da kujerarsa gaba ɗaya. "Malam, a ina ka san tanis?"

Gaskiyar ita ce, ina yaro a kulob ɗin Turawa na Kaduna, ni ke yayyafa wa fili ruwa, ni ke tsince musu ƙwallo. (Raket kuwa, wato abin buga ƙwallon, sai dai in ɗauka in kai mota.) Amma Hajara tana tsaye da tiren shayi, sai na ji bakina ya ce, "Ni ne zakaran Kaduna a da."

"Ikon Allah! Ai kulob ɗinmu ma jar ƙasa ce. Asabar sai mu gani."

Ranar Asabar Likita ya tara ɗalibai da likitoci, har da matansu da kulolin abinci. Ya ce in fara ɗumama jiki da wata tsohuwar Baturiya mai bandeji a gwiwa, wadda sai da aka kama mata hannu ta sauko matakala.

Bugun farko na aika ƙwallo kan titi. Na biyu na bugi iska. Na ce musu raket ɗin Ingila bai da nauyi. Tsohuwa ba ta ko motsawa, tana tsaye wuri ɗaya tana aike ni gabas da yamma. Duk da haka ana cewa, "Zakara bai tashi ba tukuna."

Can sai ƙwallonta ta bugi raga ta faɗi. Wallahi ban yi shawara da kowa ba. Na yar da raket, na sheƙa a sunkuye, na cafe ta, na durƙusa gindin ƙarfen raga, na ɗaga hannu sama na ce, "Ga shi, madam."

Tsohuwa ta ce tun da take ba ta ga mai tsintar ƙwallo irina ba. Wani ɗalibi ya fassara da ƙarfi, don kada wani ya rasa.

Likita ya ce, "Zakara, ko za ka tashi? An ga gwaninta."

Hajara ce kaɗai ba ta yi dariya ba, sai da muka shiga bas. Daga nan har unguwar Whitechapel ba ta numfasa ba don dariya. Daga baya ta ce wa yayanta, "Yaya, mutumin da ƙaryarsa ba ta kai mako ba, shi nake so. Ba zai wahalar da ni ba."

Har yau duk shekara idan an fara gasar Faris, sai ta saki lemo a ƙasa ta zuba mini ido. Ina tsintowa. Abin da na koya shi ne, idan zan yi ƙarya in fara sanar da ƙafafuna.